Buɗe Wasan Ces da Baƙon Taku: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da wasan dara na ces ya shiga wayoyin mutane, tambayar da masu koyo suka fi yi mini ita ce ta buɗi, wato takun farko da ake fara wasa da su. Wani zai ga an ritsa sarkin mutum a taku takwas da salon da ba a saba gani ba, sai ya zo yana son in ce masa ya rungumi salon. Shi ya sa na tattara tambayoyin nan wuri guda. A rubutun taku, K sarki ne, Q sarauniya, R hasumiya, B bishof, N doki, shi kuwa soja ba shi da harafi, gidan da ya sauka kawai ake rubutawa. Kowane gida ana kiransa da harafin layinsa, a zuwa h, da lamba, 1 zuwa 8. Alamar x tana nufin an ci ɗa, alamar + kuma an kai wa sarki hari.

Me ake nufi da baƙon buɗi?

Mai farare yana da taku 20 da zai iya fara wasa da su, 16 na sojoji, 4 na dawakai. Amma in ka duba wasannin manyan gwanaye, kusan kullum da ɗaya daga cikin huɗu suke farawa: 1.e4, 1.d4, 1.Nf3 ko 1.c4. Dalili shi ne waɗannan takun suna neman tsakiyar allo, suna buɗe wa manyan 'ya'ya hanya, kuma ba sa yaye wa sarki rufi. Duk buɗin da ya kauce wa wannan hanya, kamar 1.b4 ko 1.g4, ko mai baƙaƙe ya amsa 1.e4 da a6, shi nake kira baƙo.

Kundin buɗe-buɗen ces da aka fara bugawa a Belgrade a 1974 ya raba buɗi zuwa lambobi 500. Kariyar Sisiliya, wato 1.e4 c5, ita kaɗai ta kwashe 80, daga B20 zuwa B99. Su 1.g4 da 1.b4 da 1.a3 kuwa, aka tura su lamba guda, A00. Wannan ya isa ya nuna maka matsayinsu a idon masana.

To ke nan duk baƙon buɗi mugu ne?

A'a, kuma a nan ne mutane suke haɗa abin da bai kamata a haɗa ba. Ni kashi uku nake raba su.

Akwai wanda baƙo ne kawai amma ƙashinsa da ƙwari, kamar 1.b3, inda bishof yake zama a b2 yana hango tsakiya daga nesa. Ko abokin wasanka ya amsa daidai, ba ka rasa komai ba sai 'yar fifikon da mai farare yake da ita ta fara taku. Akwai wanda yake da rauni amma yana da manufa, kamar 1.b4: za ka ɗan sha wuya in an san maganinsa, sai dai wasan bai lalace ba. Na uku shi ne wanda ba shi da komai sai tarko. In abokin wasa ya faɗa, ka ci. In ya tsallake, an bar ka da soja ɗaya a ƙasa da sarauniyar da ake kora kamar akuya a gonar wani.

Duk lokacin da ka ga sabon buɗi, tambayi kanka abu guda: idan ya amsa daidai, ina zan tsaya? Amsar wannan ce take gaya maka kashin da buɗin yake.

Mece ce ribar da ake samu?

Ta farko, kana raba mutum da haddarsa. Wanda ya kwana yana haddace reshen Najdorf na kariyar Sisiliya, inda wasu layuka suke wuce taku 20 kafin a fara tunani, in ka buɗe masa da 1.b3 duk wannan karatun ya tashi a banza. Dole ya fara amfani da kansa tun taku na biyu, agogonsa kuma yana tafiya.

Ta biyu ta fi muhimmanci a wurina. Kai ka buga wannan fasalin sau ɗari, shi kuwa wataƙila sau biyu ya taɓa ganinsa. Ka san inda dokinka yake jin daɗin zama, ka san sojan da za ka tura in an matse ka. Sau da yawa matsayi mai ɗan rauni da ka sani ciki da bai ya fi maka matsayi mai kyau da kake lalube a cikinsa.

Ta uku, sauƙin karatu. Mai aiki ko ɗalibin da ba shi da sa'o'in haddace layuka zai iya riƙe buɗi guda da tsarinsa, ya ba da sauran lokacinsa ga dabarun tsakiyar wasa da na ƙarshensa.

An ce an taɓa cin zakaran duniya da irin wannan. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A 1980, a gasar ƙungiyoyin ƙasashen Turai da aka yi a garin Skara na Suwidin, Tony Miles ɗan Ingila ya zauna gaban Anatoly Karpov, wanda yake riƙe da kambun duniya a lokacin. Karpov ya buga 1.e4, Miles ya amsa da a6. Karpov ya kafa soja na biyu a tsakiya da 2.d4, Miles ya tura b5, ya kai bishof ɗinsa b7. Wasan ya ƙare da nasarar Miles, kuma daga nan sunan wannan kariya, St George, ya bazu.

Amma mai ba da labarin nan yakan tsaya a rabi. Miles ba ɗan koyo ba ne, yana cikin manyan gwanayen duniya na zamaninsa. Kuma Karpov bai faɗa wani tarko a taku na biyar ba. An yi doguwar fafatawa, fiye da taku 40, a tsakiyar wasa ne Miles ya fi shi, ya kuma iya riƙe fifikonsa har ƙarshe. Abin da a6 ya yi masa shi ne ya fitar da Karpov daga gonar da ya fi kowa sani, ya kai shi filin da za a gwada ƙwanji tsirara. Wanda ba shi da ƙwanjin Miles, in ya kai babban gwani wannan filin, kansa ya kai mahauta.

Asarar fa?

Ka dubi abin da ya faru a Belgrade a 1970, a karawar Tarayyar Sobiyet da sauran ƙasashen duniya. Bent Larsen na Denmak, wanda 1.b3 yake ɗauke da sunansa saboda yawan nasarar da ya samu da shi, ya buɗe da shi a gaban Boris Spassky. Spassky ya kama tsakiya, ya fitar da 'ya'yansa duka, ya ɓoye sarkinsa a ɓangaren sarauniya, sannan ya turo sojan layin h. Ya sadaukar da doki, ya sadaukar da hasumiya, a taku na 17 Larsen ya miƙa wuya. Ka duba allon a wannan lokacin: dokin Larsen na b1 da hasumiyarsa ta a1 ko motsi ba su yi ba, sarkinsa kuma bai taɓa samun mafaka ba.

Ba buɗin ne ya kashe shi shi kaɗai ba, domin a wannan shekarar Bobby Fischer ya buga 1.b3 ya ci wasanni da shi. Abin lura shi ne baƙon buɗi ba ya yafe kuskure. Wanda ya kafa sojoji a tsakiya zai iya ɓata taku ɗaya ya tsira. Wanda ya sallama tsakiya ya riga ya ci bashi, taku ɗaya na sakaci sai a zo karɓa.

Akwai wata asarar da ba a gani a allo, kuma ita ta fi damuna. Mai koyon da ya shekara yana buga tarko ɗaya bai koyi yadda ake riƙe tsakiya ba, bai san abin da ake yi da soja maraya a d4 ba, wato wanda ba shi da ɗan'uwa a layukan gefensa, bai taɓa ɗanɗana kai hari ga sarkin da aka ɓoye ba. Makinsa na intanet yana hawa, iliminsa yana tsaye.

Ina cin mutane kullum da gambit ɗin Englund, buɗin da ake sadaukar da soja tun farko. Me ya sa zan bari?

Na san daɗinsa, domin ni ma na daɗe ina buga shi a waya. Ga yadda yake: 1.d4 e5 2.dxe5 Nc6 3.Nf3 Qe7 4.Bf4 Qb4+ 5.Bd2 Qxb2. In mai farare ya tsorata ya buga 6.Bc3, sai Bb4, 7.Qd2 Bxc3 8.Qxc3, sarauniya ta sauka c1, sarki ya mutu. Taku takwas.

Yanzu canza taku ɗaya. A maimakon 6.Bc3, ya buga 6.Nc3. Hasumiyarsa ta a1 ta samu kariya daga sarauniyarsa, yana shirin Rb1 ya kori taka, dokinsa kuma yana hararar b5 da d5, daga can ya far wa c7. Kai kuwa ka yi taku uku da sarauniya, ɓangaren sarkinka duka yana barci. Ranar da na fara haɗuwa da masu buga 6.Nc3 a jere, na gane cewa wata da watanni ban koyi komai ba sai layi guda, kuma ban san abin da zan yi da matsayin da ya rage mini ba. Ya ɗauke ni lokaci kafin in koyi amsa 1.d4 ta hanyar da za ta ɗore. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma da zarar makinka ya hau, masu kayan ne kaɗai za ka riƙa gamuwa da su.

Haka gambit ɗin Stafford yake, wanda Eric Rosen na Amurka ya yayata a bidiyoyinsa: 1.e4 e5 2.Nf3 Nf6 3.Nxe5 Nc6 4.Nxc6 dxc6. Tarkunansa suna da kyau ƙwarai. Bayan 5.d3 Bc5, in mai farare ya buga 6.Bg5, sai ka bar masa sarauniya da Nxe4, in ya ci, Bxf2+ sannan Bg4 ta gama shi. Amma in ya buga 6.Be2 cikin natsuwa, ya biyo da c3 da d4, soja ɗaya ya fi ka kuma tsakiya tasa ce. Ka koyi tarkunan domin kada a yi maka su, kuma domin suna koya wa ido ganin haɗin kai hari. Gina gida a kansu ne nake hana ka.

Tsakanin 1.b4 da 1.g4, wanne ya fi?

1.b4, nesa ba kusa ba. Savielly Tartakower ya buga shi da Geza Maroczy a gasar New York ta 1924, aka tashi kunnen doki. Labarin da ya shahara shi ne ya je gidan namun daji na birnin ya ga wani goggon biri, shi ya sa ake kiran buɗin Orangutan. Daga baya Alexey Sokolsky na Tarayyar Sobiyet ya yi masa nazari mai zurfi, wasu suna kiransa da sunansa. Sojan b4 yana ƙwace fili a ɓangaren sarauniya, bishof yana hawa b2. Amsar da ta fi damunsa ita ce 1...e5 2.Bb2 Bxb4 3.Bxe5 Nf6: ka ba da sojan gefe ka ci na tsakiya, wanda ciniki ne mai kyau, amma mai baƙaƙe ya riga ka fitar da 'ya'ya.

Shi kuwa 1.g4, wanda Henri Grob na Suwizalan ya buga a wasannin wasiƙa masu yawa, Michael Basman na Ingila kuma ya ci gwanaye da shi, yana rushe katangar da sarkinka zai fake a bayanta tun kafin a fara. Yana da dabararsa: 1.g4 d5 2.Bg2 Bxg4 3.c4, sarauniya ta fito b3 ta matsa wa b7 da d5. Sai dai ka tuna mutuwar sarki mafi sauri a wasan nan gaba ɗaya, 1.f3 e5 2.g4 Qh4, daga wannan ɓarakar take shigowa.

Amma na ga manyan gwanaye irin su Magnus Carlsen da Hikaru Nakamura suna buga abin da ya fi wannan muni.

Suna yi. A wata gasar intanet a Maris na 2021 su biyun sun buga 1.e4 e5 2.Ke2 Ke7, suka maimaita taku aka tashi canjaras, a wasan da sakamakonsa ba zai hana kowannensu wucewa zagaye na gaba ba. Carlsen yakan fara wasan gaggawa da sojan gefe ya kuma ci. Mutumin da ya fi abokin wasansa lissafi da sanin ƙarshen wasa yana iya ba da rata a farko ya cim mata daga baya. Amma Nakamura ɗin nan, da ya fito da sarauniya 2.Qh5 a gaban Krishnan Sasikiran na Indiya a dogon wasa a 2005, an ci shi. Kuma ka duba wasannin da Carlsen ya kare kambun duniya da su, ba za ka ga 2.Ke2 ba.

Tsawon lokacin wasa yana da tasiri?

Sosai. A wasan minti ɗaya ko uku, daƙiƙa 20 da mutum ya ɓata yana mamaki riba ce babba. A wasan minti 90 zai zauna ya nemo amsar, sauran sa'o'in kuma kai ne za ka zauna da raunin da ka jawo. Sannan a gasar da ake haɗuwa ido da ido, in an san ka da buɗi guda, kan mage ya waye: kowa zai duba maganinsa a waya kafin ya zauna gabanka.

Ba abin da ake kira baƙo yau ne yake zama ruwan dare gobe ba?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son baƙon buɗi suke da ita, kuma tarihi yana bayansu. Lokacin da Alexander Alekhine ya amsa 1.e4 da Nf6 a Budapest a 1921, yana gayyatar sojojin abokin wasa su kori dokinsa domin su yi nisa da gida ya dawo ya far musu, abin ya saɓa wa duk koyarwar zamanin. A New York a 1924 Richard Reti ya buɗe da 1.Nf3, ya bar tsakiya ba soja na ɗan lokaci, ya ci zakaran duniya na lokacin, Jose Raul Capablanca, wanda ya shekara takwas ba a ci shi ba. Yau 1.Nf3 yana cikin manyan huɗun da na lissafa a sama. Kariyar Berlin tsohon yayi ce da aka ajiye, sai Vladimir Kramnik ya ɗauko ta a Landan a 2000, Garry Kasparov ya kasa fasa ta, ya rasa kambunsa ba tare da ya ci wasa ko ɗaya ba. Tura sojan layin h da wuri, wanda ake tsawata wa yara a kansa, ya samu daraja bayan an ga wasannin manhajar AlphaZero daga 2017.

Sai dai ka lura da abin da ya haɗa waɗannan duka: kowannensu yana da tunani game da tsakiyar allo ko game da inda 'ya'ya za su yi aiki. An gwada su da wuta shekara da shekaru suka tsira. 1.g4 ma an gwada shi shekara da shekaru, bai shiga sahunsu ba.

Karawar kambun duniya ta 2023 a Astana ta nuna fuskokin biyu cikin mako guda. A wasa na 2 Ding Liren na Sin ya zo wa Ian Nepomniachtchi da baƙon taku 4.h3, aka ci shi. A wasa na 6 ya zo da tsarin Landan, wato d4 da Bf4, wanda aka daɗe ana yi wa kallon buɗin masu gudun karatu, ya ci.

Yaya zan gwada buɗi kafin in dogara da shi?

Buɗe allon nazari a Lichess, shafin ces na intanet, kyauta ne, ka kunna Stockfish, injin da ke auna matsayin wasa. Kada ka tsaya a makin da ya bayar a taku na farko. Ka bi amsar da ya fi so har taku goma, sannan ka kashe shi, ka kalli allon da idonka. Ka san abin da za ka yi a nan? Sarkinka yana da wurin fakewa? In injin ya ce an fi ka da 'yar tazara amma kana ganin shirinka, buɗin zai ɗauke ka. In ya ce an fi ka da darajar soja guda ko fiye tun ba a je ko'ina ba, kamar yadda yake cewa a kan 1.g4, ka san abin da kake saya.

Ka duba kuma kundin wasannin masu maki irin naka da ke wurin, ka ga amsar da mutane suke bugawa a zahiri, domin da mutane za ka kara, ba da inji ba.

In aka buga mini baƙon buɗi, me zan yi?

Kada ka yi fushi, kada ka yi gaggawar hukunta shi. Yawancin waɗanda ake ci da irin wannan buɗi, neman kashe wasa a taku goma ne yake kai su. Kafa soja a tsakiya, biyu in an bar ka. Fitar da dawakai da bishof, ɓoye sarki. In an miƙo maka soja kyauta, ka tsaya ka duba abin da ke bayansa, musamman gidajen b2 da f2 in kai ne mai farare, b7 da f7 in kai ne mai baƙaƙe, domin nan ne tarkuna suka fi sauka. In ka ci soja ɗaya, ya isa, kada ka bi na biyu da sarauniya.

Ba raini ba ne a buɗe wa mutum da irin wannan?

Ba dole ba. Adolf Anderssen, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan ƙarni na 19, ya buɗe wa Paul Morphy da 1.a3 sau uku a karawarsu ta Faris a 1858, domin ya ga Morphy ya fi shi a buɗaɗɗen wasa. Ya ci ɗaya, an ci shi ɗaya, ɗaya kunnen doki, a karawar da Morphy ya lashe da rata mai faɗi. Kasparov ma ya buga 1.d3 a wasa na 3 da kwamfutar Deep Blue a 1997 domin ya raba ta da kundin da aka ɗura mata. Wannan girmama ƙarfin abokin karawa ne. Taka sarki zuwa e2 a taku na biyu a gaban wanda ya zo da gaske, shi kam ban ga abin da za a kira shi ba in ba raini ba, kuma ba na son ganin yara suna kwaikwayonsa.

Ni sabon shiga ne, amma ina son abin da ba kowa ke bugawa ba. Da me zan fara?

Ka ba 1.e4 e5 wata shida tukuna, ta ɓangaren farare da na baƙaƙe. A nan ne za ka ga dalilin da ya sa ake rububin tsakiya, ka ji zafin barin sarki a fili, ka koyi darajar taku ɗaya. Wanda bai san dokar ba ba zai gane lokacin da karya ta yake da riba ba.

Bayan nan, in kana da farare, gwada 1.b3, ko 1.d4 da 2.Nc3 da 3.Bf4, salon da Baadur Jobava na Jojiya ya shahara da shi. In kana da baƙaƙe, kariyar Alekhine a kan 1.e4, ko ta Chigorin, 1.d4 d5 2.c4 Nc6, wadda Alexander Morozevich ya buga a gaban manyan duniya. Zaɓi ɗaya, ka buga shi wasa 50 masu aƙalla minti 10, kuma duk wanda aka ci ka, ka koma ka nemo takun da abin ya fara lalacewa. In ka ga a yawancinsu tun kafin taku na 12 kake shiga matsala, ajiye buɗin. In a tsakiyar wasa ne ko ƙarshensa, riƙe shi, ka koma kan lissafi da ƙarshen wasa na hasumiya da sojoji.